Gwajin aure ya nuna fararen ƙwayoyin jinina sun yi ƙasa, yayar ango ta tayar da magana

Assalamu alaikum Likita. Ni budurwa ce 'yar shekara 24 a Gwammaja cikin Kano, ina koyarwa a wata firamare. An sa ranar aurena, saura wata biyu. Mun je gwajin aure ni da wanda zan aura, komai ya fito lafiya: ba ƙanjamau, ba ciwon hanta, ni AA shi AS. To a ɗakin gwajin sai suka ce in ƙara kuɗi kaɗan a haɗa min da FBC, wato gwajin ƙirga ƙwayoyin jini, na yarda. A takardar an rubuta WBC 3.3 da harafin L a gefe, NEUT 38% shi ma da L, LYM 52% da H, MXD 10%, HGB 12.4, PLT 245. Shi kuma sai ya ɗauki hoton takardun gaba ɗaya ya tura wa yayarsa ta WhatsApp don ta nuna wa Hajiyarsu. Yayar ta ce ta yi tambaya an ce mata garkuwar jikina ce ta yi ƙasa, wai kuma gwajin ƙanjamau ba ya kamawa da wuri. Ni ma na duba a waya na ga ana maganar sankarar jini. Yau kwana biyar ba na barcin kirki, kuma ban faɗa wa Ummata ba. Mai kemis ɗin layinmu ya ba ni maganin ƙarin jini da kafso na kwana bakwai. Lafiyata ƙalau, in ban da mura da ɗan zazzaɓi da na yi kamar kwana goma kafin gwajin. Don Allah Likita mene ne gaskiyar lamarin? Zai hana ni haihuwa? Ko in fasa auren kafin su fasa?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar da rai da lafiya. Kada ki fasa komai. Na fara da wannan ne don ki samu ki runtsa yau, sauran bayanin ki bi shi a tsanake.

Lambobin da kika turo, a jikin mace mai shekarunki wadda take tashi da safe ta je ta wuni a tsaye gaban allo ba tare da ciwo ba, irinsu muke gani a kai a kai a hannun lafiyayyun mutane a garin nan. Ban gan ki ba, ban duba wuyanki ba, ban taɓa cikinki ba, don haka ba zan ce an rufe magana ba. Akwai abin da nake so ki yi, zan zo kansa. Amma takardar nan ba ta ce kina da ƙanjamau ba, kuma ba ta yi kama da takardar mai sankarar jini ba.

Bari mu karanta ta tare, layi-layi.

In aka zuba jini a kwalbar gwaji aka juya shi a inji, yakan rabu. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwa mai ɗan launin rawaya ya tashi sama, a tsakaninsu kuma sai ki ga wani siririn layi fari-fari kamar yanar da take kan madara. Wannan layin shi ne fararen ƙwayoyin jini, su ake nufi da WBC. Ba su da yawa in aka kwatanta da jajaye. A cikin mikrolita ɗaya ta jini, wadda ba ta kai girman ƙwayar gero ba, akwai jajaye wajen miliyan 4 zuwa 5, fararen kuwa dubbai ne kawai. Dukkansu a ɓargon ƙashi ake ƙera su. Da aka rubuta miki 3.3, ana nufin 3,300 a wannan ɗan ɗigon. Yawancin takardu suna buga 4.0 zuwa 11.0 a matsayin daidai. Injin ya ga 3.3 bai kai 4.0 ba, ya manna L, alamar ya yi ƙasa. Iyakar abin da ya sani ke nan. Bai san shekarunki ba, bai san kin yi mura ba, bai san 'yar wace ƙasa ce ke ba.

Su fararen ba iri ɗaya ba ne, gida biyar ne, kowane da aikinsa. Niyutirofil, waɗanda aka rubuta NEUT, su ne 'yan sintirin unguwa: da ƙwayar cuta ta bakteriya ta shigo ta wani rauni ko ta maƙogwaro, su ne farkon zuwa, su haɗiye ta, su ma su mutu a wurin. Mugunyar da kike gani a maruru galibinta gawarwakinsu ce. Limfosayit, wato LYM, su ne masu riƙe fuska. Su suke tuna cutar da ta taɓa shigowa, kuma da su allurar rigakafi take aiki, su ne kuma kan gaba wajen faɗa da bairos. Sauran ukun ba su da yawa: monosayit masu kwashe shara bayan an gama faɗa, iyosinofil da suke hawa in mutum yana da tsutsar ciki ko tsargiya ko asma, sai basofil, autansu wajen yawa. Ƙananan injinan da ɗakunan gwaji da dama suke da su ba sa iya rarrabe waɗannan ukun, sai su tara su wuri ɗaya su rubuta MXD. Naki 10%, ba wani labari a nan.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke ruɗewa, har da wasu masu sanye da farar riga. NEUT da LYM da aka ba ki, kaso aka ba ki, ba adadi ba. Ke malama ce, za ki gane da sauri. A ce ajinki yara 50 ne, mata 20, maza 30. Mata ke nan kashi 40 cikin ɗari. Ranar da aka yi ruwan safe maza 15 suka ƙi zuwa, sai ajin ya koma 35, mata suka zama kashi 57. An ƙara mace ko ɗaya? Ba a ƙara ba, maza ne suka ragu. Haka H ɗin da ke gaban LYM ɗinki, mai nufin ya hau, yake. Ki ɗauko kalkuletar wayarki: kashi 52 na 3.3 ya ba da 1.7, ga babban mutum kuwa ana sa ran wajen 1.0 zuwa 4.0. Limfosayit ɗinki daidai suke, ba su hau ba, ba su sauka ba. Kashi 38 na 3.3 kuma ya ba da 1.25, alhali littafi yana cewa 2.0 zuwa 7.5. To kin ga duk haruffan nan uku da suka hana ki barci magana ɗaya suke yi: niyutirofil ɗinki sun gaza abin da littafi ya rubuta.

Sai mu tambaya, littafin wa?

Yadda ake fitar da "daidai" shi ne a tara lafiyayyun mutane masu yawa a auna su, a ɗauki inda 95 cikin 100 suka faɗa a ce nan ne iyaka. Wannan kaɗai ya nuna miki cewa biyar cikin kowane lafiyayyu ɗari za su fita daga layi ba tare da komai na damunsu ba, kuma takardar FBC tana da layuka kusan ashirin, sau da yawa za ki ga ta fito da harafi ko da ɗaya ne. Amma babbar maganar ita ce su wa aka auna. Iyakokin da aka saba bugawa an samo su ne mafi yawa daga jinin Turawa, kuma injina da dama da su ake shigo da su, ba a canza ba. Mu kuwa jininmu yana da wani bambanci da aka daɗe da lura da shi.

A jikin jajayen ƙwayoyin jinin Bature akwai wani ɗan tambari da ake kira Dafi, sunan wani majinyaci ne da aka fara gano abin ta dalilinsa a 1950. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma, sama da tara cikin goma a wurare da dama, ba su da wannan tambarin a jajayen ƙwayoyinsu. Ba naƙasa ba ce, rahama ce ma. Akwai wani nau'in maleriya mai suna baibaks, wanda ya addabi Indiya da wasu sassan Asiya da Kudancin Amurka, kuma ta wannan tambarin yake samun ƙofar shiga jajayen ƙwayoyi. Shi ya sa ba shi da ƙarfi a yankinmu. Namu mai kwantar da mu duk damina wani ne daban, falsifaram. To wajen shekarar 2009 bincike ya tabbatar da cewa wannan gadon na rashin tambarin Dafi shi ne babban dalilin da ya sa ake samun baƙar fata da niyutirofil ƙasa da na Turawa in an ɗebi jini. Ɓargonsu yana aikinsa yadda ya kamata, in cuta ta shigo suna tura mayaƙa kamar kowa, kuma ba sa kamuwa da cututtuka fiye da sauran mutane. Yawan da ke yawo a cikin jijiya a lokacin da aka soka allura ne kawai bai kai na wancan ba. Ba abin mamaki ba ne ki samu ƙato lafiyayye mai dakon buhu a kasuwar Singa ko ta Dawanau da niyutirofil 1.5, WBC ɗinsa uku da 'yan kai.

Ni kaina haka nake. Muna ɗalibai aka sa muka soki yatsunmu muka ƙirga namu da ido, a kan wani ɗan gilashi mai zanen gidaje kamar na dara. Nawa ya ƙi kai huɗu. Na sake, na sake, ina zaton ban iya ƙirga ba ne. Har yau in na yi gwaji da L ɗina nake fitowa, ga shi na yi aure, na haihu, ina ta fama da dutin dare.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, 1.25 ɗinki yana can ƙasa-ƙasa ko a ma'auninmu, kuma ina ganin murar nan tana da hannu. Cututtukan bairos irin su mura sukan danne niyutirofil na 'yan makonni, ko bayan mutum ya ji ya warware. Maleriya ma takan sauke fararen ƙwayoyi, taifot kuwa an san shi da haka tun da daɗewa. Kwana goma bayan zazzaɓi ba lokacin da za a yanke wa jini hukunci ba ne. Ban da haka, lambar nan ba a tsaye take kamar tsawon mutum ba. Kusan rabin niyutirofil da ke cikin jijiyoyi manne suke da bango, allura ba ta ɗebo su. Gudu ko tsoro ko zafin ciwo yakan sa su saki bango su shigo gari, lamba ta hau cikin mintuna. Da safe mutum yana hutawa takan yi ƙasa, da yamma ta ɗan ɗaga. Sai kuma abin da ya shafi kwalbar kanta: jinin da ya daɗe a ajiye cikin zafin Kano kafin a sa shi a inji, ko wanda ya ɗan daskare don ba a jujjuya shi da kyau ba, yana iya ba da lambar da ba ta mai jinin ba ce.

Maganar yayar angon kuma, na san inda ta samo asali. A Hausa mun saba kiran ƙanjamau "cuta mai karya garkuwar jiki", don haka da wani ya ce "garkuwarta ta yi ƙasa", kunne ba ya jin komai sai wancan. Wanda ya faɗa mata haka bai yi mata adalci ba, ke ma bai yi miki ba. FBC ba gwajin ƙanjamau ba ne. Akwai masu ɗauke da cutar da WBC ɗinsu yake daidai cif, akwai kuma dubban masu L da ba su da ita. Gwajinta daban ne, an yi miki, ya fito babu. Abin da ta faɗa na cewa gwaji ba ya kamawa da wuri yana da tushe, amma yana da iyaka: irin gwajin nan na gaggawa da ake soka yatsa yana iya ɗaukar har wata uku bayan kamuwa kafin ya nuna. Wannan ya shafi wanda wani abu ya same shi cikin watanni ukun da suka wuce, kamar ƙarin jinin da ba a tantance ba, ko allura ko aska da aka yi wa wani aiki da ita, ko saduwa. Ke kika san rayuwarki. In babu ko ɗaya, babu abin jira. In kuma sake gwajin zai kwantar wa kowa da hankali, a sake, ba tsada gare shi ba, amma ku biyun za ku zauna a benci ɗaya a soki kowa. Ba ke kaɗai za a mayar abin tuhuma ba. Dokar gwaji kafin aure da aka sa wa hannu a Kano a 2024, mai neman a duba ƙanjamau da ciwon hanta na B da C da jinotaif, a kan ango da amarya take, ba amarya kaɗai ba. Yawan fararen ƙwayoyin jini kuwa ba shi ne abin da ake nema a gwajin aure ba; ƙari ne aka tallata miki kika saya.

Sankarar jini fa? Wayar nan in ka tambaye ta ciwon kai sai ta kai ka maƙabarta. Sankarar jini cuta ce ta ɓargo, inda ƙwayoyi marasa amfani suke cika shi su hana masu amfani fitowa. Saboda haka da wuya ta taɓa layi ɗaya ta bar sauran. Galibi za ki ga jini ya yi ƙasa sosai, mutum ya ɗashe yana haki, PLT, wato ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, su faɗi, dasashi ya riƙa jini, haɓo ya yawaita, tabo ya riƙa fitowa a fata ba tare da an buge ba. Fararen kuma ko dai su yi mugun hawa, 50 ko 100 ko fiye, ko su sauka tare da sauran. Ke HGB ɗinki, wato ma'aunin yawan jini, 12.4, daidai ga mace. PLT 245, yana tsakanin 150 da 400 da ake sa rai. Ɓargon da ke fitar da waɗannan biyun lafiya lau ba ya kama da wanda sankara ta mamaye.

Ga abubuwan da in da kin ambace su da amsata ta canza. Maruru ko gyambon baki da ke tafiya yana dawowa, ciwon maƙogwaro ko na ƙirji da ke kwantar da ke sau da yawa a shekara, zazzaɓin da ya ƙi tafiya, gumin dare mai jiƙa zani, rama ba dalili, kaluluwa a wuya ko hammata da ta wuce makonni ba ta sauka ba, nauyi ko kumburi a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu inda saifa take. Ga mata masu shekarunki nakan ƙara tambayar ciwon gaɓoɓi tare da zubewar gashi da ƙuraje a kumatu, domin akwai cutar da ake kira lufus wadda jiki yake faɗa da kansa, ta fi kama mata matasa, kuma tana sauke fararen ƙwayoyi. Sai magunguna: Septrin, kuloramfenikol, kabimazol na masu ciwon maƙoƙo, wasu magungunan farfaɗiya, da na sankara, duk suna iya yin haka. In akwai ɗaya daga cikin waɗannan da kika manta ba ki rubuto ba, kada ki jira, ki ga likita cikin makon nan. Mu a wurinmu niyutirofil da ya gaza 1.0 yana sa mu gyara zama. Wanda ya gaza 0.5 kuma ga zazzaɓi, wannan ba ya kwana a gida, ko ƙarfe biyun dare ne sai sashen gaggawa.

Kafson mai kemis ki ajiye shi. In antibayotik ne, ƙwayar cuta yake kashewa, ba ya ƙara fararen ƙwayoyi, wasunsu ma rage su suke yi, ke kuma ba ki da ciwon da za a kashe. Kada ki yar da kwalin, ki tafi da shi likita ya ga ko mene ne. Maganin ƙarin jini kuwa sinadarin ƙarfe ne, na jajayen ƙwayoyi, naki kuma ba su nemi taimako ba. Haka in an ce ki sha maltina da madara ko zoɓo, ki sha don daɗi, L ɗin ba zai san kin sha ba.

Tunda amarya ce ke, bari in tsoma baki a abin da ba ki tambaye ni ba. Lokacin gyaran jiki ya zo, kuma na san za a kawo miki shawarar ƙwayoyin ƙiba, irin waɗanda ake ce wa sha-ka-fashe, da haɗe-haɗen da ba a rubuta abin da ke ciki ba. Da yawansu akwai dezametazon a ciki, wasu mayukan bilicin ma suna da danginsa. Abin dariyar da ba na dariya ba shi ne wannan magani yana ɗaga WBC a takarda, domin yana sa niyutirofil su saki bangon jijiya, alhali a zahiri raunana garkuwar jiki yake yi, ga hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska da yake jawowa. Wato da kin sha shi, da takardarki ta fito "lafiya" yayar ango ta yi shiru, ke kuma a lokacin ne garkuwar taki za ta yi ƙasa da gaske. Ki nisance shi.

Haihuwa kuwa babu ruwanta da wannan lamba. Ba ta hana ɗaukar ciki, ba kuma abin da ake shafa wa miji ba ce. Hasali ma in Allah ya kawo rabo kika fara zuwa awo, za ki ga lambar ta hau da kanta. Mai ciki takan kai 12 har 15 lafiyarta ƙalau, a lokacin naƙuda ta haura 20. Jariri sabon haihuwa yakan kai har wajen 30. Ki riƙe wannan, domin ranar za a samu wanda zai kalli H ya ce miki "infekshan ne" ya miƙo kafso. Hawan fararen ƙwayoyi yakan nuna cutar bakteriya in akwai zazzaɓi da ciwo tare da shi, amma masu sikila nasu a sama yake zaune ko ba ciwo, mai shan taba ma haka. AA ɗinki da AS ɗinsa kuwa ba sa haifar da mai SS, nan ma kin huta.

Abin da za ki yi shi ne wannan. Ki bari mako uku zuwa huɗu su cika daga ranar gwajin farko, kina da lokaci kafin biki. Sai ki je asibiti, ba ɗakin gwaji kai-tsaye ba, ki yanki kati ki ga likita ya duba ki da hannunsa: ido, baki, wuya, hammata, ciki. Asibitin Murtala ko na Nassarawa ko na Malam Aminu Kano, duk wanda ya fi miki sauƙi. In an ga buƙatar ƙwararren likitan jini, daga nan za a tura ki. Ki roƙa a sake FBC a haɗa da PBF, wato a shafa ɗigon jininki a gilashi, a rina shi, mutum ya duba ƙwayoyin da idonsa ta madubin likita. Inji ƙirga kawai ya iya, ido ne yake ganin ko ƙwayoyin cikakku ne masu kyan siffa ko akwai baƙi a cikinsu. Ba sai kin je da azumi ba. Ki bincika kuma cikin tsofaffin takardunki, ko na shiga makaranta ko na wata jinya da kika taɓa yi. In aka samu FBC na shekarun baya mai uku da wani abu, ya kusa raba gardama, domin ya nuna haka jininki yake tun asali. Abin da nake sa rai shi ne lambar ta ɗan ɗaga bayan murar ta gama sakin ki, wataƙila ta tsaya ƙasa da huɗu, likita ya ce miki ki tafi gida. In ta ƙara sauka, ko ido ya ga abin da bai gamsu da shi ba, to an kama shi da wuri kuma kina hannun da ya dace.

Saura mutane, wanda ya fi jinin wuya.

Ki faɗa wa Umma yau. Magana ta riga ta shiga gidan su ango, kuma abin da ya shiga WhatsApp ba ya zama wuri ɗaya. Gara ta ji daga bakinki da bayaninsa, da ta tsince shi a bakin wata a gidan suna an ƙara masa gishiri. Ita ce kuma ta san yadda za ta yi magana da Hajiyarsu, babba da babba, in ta kai ga haka.

Shi kuma angon, ki yi masa magana cikin natsuwa, ba a waya ba. Ban ce da mugun nufi ya tura ba, da alama murna ce ta sa, yana so a gani a gida cewa komai lafiya. Amma takardar asibitin mutum sirrinsa ce, kuma ya kamata ya sani tun yanzu cewa ba a tura taki ko'ina sai an tambaye ki. Gobe takardar awo ce, jibi ta haihuwa. Ki nemi ya raka ki ranar ganin likita, ya ji da kunnensa, ya yi duk tambayar da ke ransa, gani ya kori ji. Daga nan shi zai koma ya warware wa 'yan gidansu, tunda shi ya kai. Ki lura kuma da yadda zai ɗauki abin cikin makonnin nan, ko zai tsaya tare da ke har a ji daga likita, ko zai bi iska. Wannan ma wani gwajin aure ne, kuma ba a biyan kuɗinsa.

Yayar kada ki yi musu da ita, kada ki tura mata dogon saƙo, kada kuma ki riƙe ta a rai. Tsoro ne ya kama ta a kan ƙaninta, aka kuma ba ta gurguwar fassara. Za ku daɗe tare, ita za ta karɓe ki ranar kai amarya. Ki gaishe ta yadda kika saba. In ta tayar da zancen, ki ce mata, "Yaya, likita ya ce a sake bayan wata ɗaya saboda murar da na yi, in ya fito za ki gani." Iyakarsa ke nan. Da za a ɗebi jinin 'yan gidansu gaba ɗaya a sa a injin nan, ba zan yi mamaki ba in aka samu mai L a cikinsu, wataƙila ma ita; amma wannan tsakanina da ke ne, kada ki faɗa mata.

In na biyun ya fito, ki turo min WBC da NEUT da abin da aka rubuta a ƙasan takardar PBF ɗin, da sunan kafson da mai kemis ya ba ki.